VAR a kan ma'auni: ta rage kuskuren rafali, amma ina maganar fifita manyan ƙungiyoyi?

A watan Maris na 2018 hukumar IFAB, wadda ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta shigar da VAR, wato tsarin da alƙalin bidiyo ke taya rafali duba hukunci, cikin doka. Abu biyu aka sa wa masu kallo rai da su. Na farko, manyan kurakuran alƙalin wasa za su ragu. Na biyu ba a rubuta shi a takarda ba, amma kowa ya ɗauka yana cikin cinikin: tunda ga kyamara ga maimaici, zancen nan na cewa rafali yaron manyan ƙungiyoyi ne zai zo ƙarshe. Alkawarin farko an cika shi, fiye ma da yadda masu zagin na'urar suke yarda. Na biyun har yau da saura, kuma ba ƙarancin kyamara ne ya jawo ba. Wurin da fifikon yake kwana, doka ba ta ba VAR izinin shiga ba.

A kowane wasa ɗakin bidiyo yana da aƙalla mutum uku: alƙalin bidiyo, wanda rafali ne mai ci ko tsohon rafali, da mataimakinsa, da mai sarrafa hotuna, wanda shi ma'aikacin fasaha ne ba alƙali ba. A gasar Firimiya ta Ingila ɗakin ba a filin wasa yake ba, yana Stockley Park a yammacin Landan. Na Bundesliga ta Jamus an kafa shi a Kolon, na La Liga ta Sifaniya kuma a Las Rozas kusa da Madrid. A Ingila kamfanin PGMOL ne ke ba da alƙalai, Hawk-Eye kuma kayan aiki. Hotunan kuwa yawancinsu na kyamarorin masu nuna wasan ne a talabijin, wato ingancin aikin yana bin yawan kyamarorin da aka kafa a filin a ranar. Wannan kaɗai ya isa ya raba wasan ƙarshe na Kofin Duniya da wasan tsakiyar mako a ƙaramar gasa, ko da dukansu an ce akwai VAR.

Alƙalin bidiyo yana kallon wasan kai tsaye a allo ɗaya, a ƙarƙashinsa akwai wani allon mai nuna hoton da aka jinkirta da 'yan daƙiƙoƙi. Da ya ga abin da ya tsaya masa a rai sai ya danna maɓalli ya sa alama, mai sarrafa hotuna ya jawo masa kusurwoyin da suka fi fito da abin, mataimaki kuma ya ci gaba da kallon wasa don kada wani abu ya wuce. Yawancin dubawar nan shiru ake gama ta, ba wanda ya sani a fili. Idan tana buƙatar lokaci sai a ce wa rafali ya dakata kada a taɓa ƙwallo, shi ne za ka ga ya ɗora yatsa a kunne ya miƙa ɗaya hannun. Idan abin na awo ne, kamar satar gida, ko a cikin yadi na 18 aka yi ƙetar ko a wajensa, rafali yana iya karɓar maganar ɗaki ba sai ya je allo ba. Idan na ra'ayi ne, kamar ƙarfin taka ko yadda hannu ya buɗe, sai ya zana siffar talabijin a iska ya ruga allon gefen fili. Hukuncin ƙarshe nasa ne. Akwai kuma ƙa'ida guda da ya kamata mai kallo ya riƙe: da zarar an ci gaba da wasa ƙofa ta rufe, ba a komawa baya, sai fa idan an ba wani kati a madadin wani, ko an gano duka, tofi ko cizo da ya cancanci kora.

Tsarin da aka fara da shi, wanda aka shafe shekaru ana aiki da shi, abu huɗu kawai ya yarda VAR ta taɓa: ƙwallon da aka ci, fenareti, jan kati na kai tsaye, da hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. A cikin huɗun ma sai idan kuskuren ya fito ƙarara, ko kuma rafali bai ga abin ba sam.

A nan aikin ya yi kyau, kuma akwai alƙaluma. Masu bincike na jami'ar KU Leuven da ke Beljiyam sun bi wasanni 2,195 a ƙasashe 13, suka samu cewa daidaiton hukunci a manyan lamura ya tashi daga kashi 92.1 zuwa 98.3 cikin ɗari. FIFA ta ce a Kofin Duniya na 2018 a Rasha ya tashi daga 95 zuwa 99.3, Firimiya kuma ta ce daga 82 zuwa 96. Waɗannan biyun a sha su da hankali, domin mai kaya ba ya kushe kayansa. Amma ko ba alƙaluma, ido ya shaida. Ƙwallon da Cristiano Ronaldo ya ci Bayern Munich cikin ƙarin lokaci a Bernabéu, filin Real Madrid, a Afrilun 2017, yana tsaye a satar gida da tazarar da ba ta buƙatar layi, a yau daƙiƙa goma ta isa a soke ta. Fenaretin da rafali ɗan Gana Joseph Lamptey ya ba Afirka ta Kudu a kan Sanagal a Nuwamban 2016, alhali a ƙafar Kalidou Koulibaly ƙwallon ta buga ba a hannu ba, wanda ya sa FIFA ta dakatar da shi har abada kuma aka sake wasan, irinsa ba zai tsallake ɗakin bidiyo ba. Duk mai son sayar da wasa da busa ɗaya yanzu sai ya shawo kan mutum uku ko huɗu, kuma ana naɗar muryarsu.

Satar gida tana da nata ciwon, kuma yana da kyau a san tushensa. Kyamarar talabijin tana ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa ɗaya. Ɗan wasan gaba da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin kusan santimita 17 tsakanin hoto da hoto. Idan mai tsaron baya yana fitowa a lokacin da shi yake shiga, tazarar ta ƙaru. Shi kuwa alƙalin bidiyo da hannu yake zaɓen hoton da yake ganin a nan ƙafa ta fara taɓa ƙwallo, sannan ya ɗora layi a kafaɗa ko gwiwa. Saboda haka duk satar gidan da aka ce ta santimita uku ce, awon ya wuce abin da kayan aikin za su iya tabbatarwa. Wannan ne ya sa Firimiya ta ƙara kaurin layin daga kakar 2021/22, idan layukan biyu suka haɗu a bar wa mai cin ƙwallo. Tsarin da kwamfuta ke taya awo ya gyara da yawa. A Katar a 2022 an kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin fili suna bin gaɓoɓi 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, a cikin ƙwallon kuma akwai na'urar da ke aika bayani sau 500 a daƙiƙa don a san ainihin lokacin bugu. Firimiya ba ta shigo da nata irin ba sai Afrilun 2025. Abin lura ga mai neman son kai shi ne, wannan kuskuren makaho ne, bai san riga ba. In ma akwai wanda ya fi ji a jikinsa, ƙungiyar da ta fi yawan kai hari ce, wato babba.

Mafi munin lalacewar VAR ma a kan manya ta faɗa. Ranar 30 ga Satumban 2023, Tottenham da Liverpool, babu ci, Liverpool na da mutum goma. Mohamed Salah ya zura wa Luis Díaz, ya ci, mai tuta ya ɗaga. A Stockley Park, alƙalin bidiyo Darren England ya ɗauka rafali Simon Hooper ƙwallo ya bayar. Ya ja layi daidai, ya ga ƙafar Cristian Romero na Tottenham ta rufe Díaz, sai ya ce an gama dubawa. Shi yana nufin ƙwallo ta ci, Hooper kuma ya ji an tabbatar masa da satar gida. Tottenham ta buga tazara. Cikin daƙiƙoƙi mai sarrafa hotuna, wanda ba alƙali ba, shi ya fara gane an yi ɓarna, yana ta cewa a tsayar da wasa. England ya ce ba abin da zai iya, an riga an ci gaba. Minti biyu bayan nan Son ya ci wa Tottenham, aka tashi ta ci 2-1. Kyamara ba ta yi laifi ba, layi bai yi laifi ba. Kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'ana biyu, kuma babu matakin da ya tilasta wa alƙalin bidiyo ya faɗi hukuncin da ake tabbatarwa da bakinsa. Bayan nan ne aka sa wannan matakin. A Fabrairun shekarar kuma alƙalin bidiyo Lee Mason ya shafe mintuna yana duba wani abu daban a ƙwallon da Brentford ta farke wa Arsenal, ya manta bai ja layi a kan Christian Nørgaard ba, wanda shi ne a satar gida. Arsenal na neman kofi a lokacin, ta rasa maki biyu, Mason ya bar aiki. Wanda ya ce an kafa ɗakin ne don kare manya, sai ya nemo wa waɗannan biyun bayani.

To ina fifikon yake? Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne rafali yana karkata ga mai gida, kuma ihun 'yan kallo ne ke karkata shi. Luis Garicano da Ignacio Palacios-Huerta da Canice Prendergast sun duba gasar Sifaniya suka wallafa a 2005 cewa idan mai gida ne aka ci da tazarar ƙwallo ɗaya, mintunan da rafali ke ƙarawa a ƙarshe sun kusa ninka waɗanda yake ƙarawa idan mai gida ne ke gaba da ɗaya. Idan tazarar ta yi nisa, yadda ƙarin ba zai canza komai ba, bambancin sai ya ɓace. A Ingila a 2002 Alan Nevill da abokan aikinsa sun nuna wa rafali 40 bidiyon wasan Liverpool da Leicester, wasu da ihun fili wasu shiru. Waɗanda suka ji ihu sun busa wa mai gida laifi ƙasa da na sauran da kashi 15.5 cikin ɗari. Thomas Dohmen ya samu a Bundesliga cewa karkatar tana raguwa a filayen da hanyar tsere ta raba 'yan kallo da ciyawa. Da korona ta kori mutane daga filaye a 2020, katin gargaɗin da ake ba baƙi ya ragu a gasanni da dama. Ba wanda ya ba rafali ko kwabo a duk waɗannan. Ɗan Adam ne, kunnensa na ji.

Za a ce ai a Firimiya kowa na da wasan gida 19 a kaka, abin ya yi kunnen doki ke nan. Bai yi ba, domin gida ba ɗaya ba ne. Old Trafford na ɗaukar sama da mutum 74,000, filin Bournemouth kuwa a 2024 yana ɗaukar 11,000 da 'yan kai. Rafalin da zai hana fenareti a minti na 90 ya san wanne ne zai bi shi har gida a jaridu. Ta wannan ƙofar ribar mai gida take zama ribar babbar ƙungiya.

Yanzu a koma ga abubuwan nan huɗu, a duba ko akwai ƙarin lokaci a cikinsu. Babu. Babu ƙaramar ƙeta ta tsakiyar fili da ke kashe harin ba-zata, babu bugun tazara a yadi 20, babu katin gargaɗi. Mai tsaron bayan da aka ba kati a minti na 20 kan abin da takwaransa ya yi sau biyu aka ƙyale shi, zai yi minti 70 yana wasa da rabin ƙafa, kuma ba wanda zai nuna wannan a sharhin bayan wasa. A tsarin farko ko katin gargaɗi na biyu ba ya cikin lissafi, wato korar da aka yi wa Arturo Vidal na Bayern a wancan wasan na Bernabéu, bayan ya ɗauke ƙwallo tsaf daga ƙafar Marco Asensio, da haka za ta tsaya ko da akwai VAR. Rafali yana yanke ƙananan hukunce-hukunce da yawa a wasa ɗaya, ɗakin bidiyo kuma sau da yawa ba ya canza ko ɗaya. Karkatar da masu bincike suka auna kusan dukanta tana cikin ƙananan nan ne.

A cikin huɗun ma akwai rami, kuma a ganinmu shi ne babban aibin wannan kaya: sharaɗin cewa sai kuskure ya fito ƙarara. A takarda yana da ma'ana, don kada a mayar da ɗaki rafali na biyu. A aikace kuwa yana kulle hukuncin farko. Ɗauki taka da alƙalai shida cikin goma za su ce fenareti ce. Idan rafalin fili ya bayar, ɗaki ba zai soke ba. Idan ya hana, ɗaki ba zai kira shi ba. Laifi ɗaya, sakamako biyu, kuma dukansu "daidai" ne a littafin masu ƙidaya. Wanda ya yanke hukuncin farkon kuwa shi ne mutumin da ihu ke kunnensa. Ke nan duk karkatar da ta shiga a fili, VAR tana buga mata hatimi ne kawai. A Agustan 2023 golan Manchester United André Onana ya fito ya rasa ƙwallo ya haɗa da Saša Kalajdžić na Wolves a ƙarin lokaci a Old Trafford. Rafali bai busa ba, ɗaki bai kira shi ba, United ta ci 1-0, PGMOL ta ba kocin Wolves haƙuri a daren. A Fabrairun 2022 ƙwallo ta sauka a hannun Rodri a yadi na 18 ana dab da tashi a gidan Everton, Manchester City na gaba da 1-0, ɗaki ya duba ya ce hujja ba ta isa ba. Shugaban alƙalai na lokacin Mike Riley ya kira Everton ya nemi afuwa. City ta ɗauki kofin kakar da tazarar maki ɗaya a kan Liverpool. A yi adalci, fenareti ba ƙwallo ba ce, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ana ɓarar da ita. Amma dama ce aka hana.

Sannan mutanen ɗaki da na fili 'yan gida ɗaya ne. Wanda ke ɗaki yau shi ne a fili gobe, abokinsa kuma zai koma ɗaki. Mike Dean, wanda shi ne alƙalin bidiyo a wasan, ya faɗa da bakinsa a 2023 cewa lokacin da Romero ya finciki gashin Marc Cucurella a wasan Chelsea da Tottenham na Agustan 2022, bai tura rafali Anthony Taylor allo ba saboda abokinsa ne kuma ba ya son ƙara masa tashin hankali a ranar. Daga baya ya yi ƙoƙarin sassauta maganar, amma ta riga ta fita. Wannan ba son ƙungiya ba ne, kara ce tsakanin abokan aiki, kuma ita ma hukuncin farko take karewa.

Akwai hujjar da magoya baya suka fi so wadda ba ta da ƙarfi: ƙidayar fenareti. United ta samu 14 a kakar 2019/20, aka yi ta surutu. Amma Leicester ta samu 13 a kakar 2015/16, kuma ba wanda zai ce alƙalai na tsoron Leicester, Jamie Vardy da Riyad Mahrez ne ke shiga yadi na 18 a guje. Awon da ya dace shi ne a raba fenareti da yawan taɓa ƙwallo da yanka a cikin yadi na 18 na abokin hamayya, sannan a kwatanta ƙungiyoyi masu salon wasa iri ɗaya. Haka kati: ƙungiyar da ke riƙe ƙwallo kashi 65 cikin ɗari ba ta da lokacin yin ƙeta. Wani lokacin ma hukuncin da ya fi kama da son kai shi ne daidai. Fenaretin da Bruno Fernandes ya ci Brighton a Satumban 2020 bayan an busa tashi, hannun Neal Maupay ne ya taɓa ƙwallo kafin busar, kuma doka ta yarda a dawo.

Inda aka taɓa kama fifiko na gangan, ba a bakin usur aka same shi ba, a ofis ne. A badaƙalar Calciopoli ta Italiya a 2006, wayoyin da aka naɗa sun nuna Luciano Moggi na Juventus yana magana da Paolo Bergamo da Pierluigi Pairetto, mutanen da ke raba wa alƙalai wasanni. Aka ƙwace wa Juventus kofuna biyu aka jefa ta Serie B, aka zaftare wa Milan, Fiorentina, Lazio da Reggina maki. A Sifaniya a 2023 ta bayyana cewa Barcelona ta biya kamfanonin José María Enríquez Negreira, mataimakin shugaban kwamitin alƙalai na lokacin, sama da Yuro miliyan 7 tsakanin 2001 da 2018. Ƙungiyar ta ce kuɗin shawara ne da rahotanni, ta musanta sayen wasa. Darasin da ya shafi wannan sharhi shi ne, wanda ke da ikon naɗa rafali, ba shi maki da ɗaga darajarsa ya fi kowace kyamara ƙarfi, kuma shi ne ke naɗa alƙalin bidiyon ma. Ingila na da ƙa'idar cewa kowane rafali ya bayyana ƙungiyar da yake so, shi ya sa Michael Oliver ba ya busa wasan Newcastle. Ƙa'ida ce mai kyau amma gajera, domin ba ta rufe wasannin abokan takarar ƙungiyar duka. Da Nottingham Forest ta rubuta a Afrilun 2024 cewa alƙalin bidiyon wasanta da Everton mai goyon bayan Luton ne, Luton kuwa tare suke kokawar tsira, tarar Fam 750,000 ta sha.

Ƙarfin murya ma ba ɗaya ba ne. Tashar talabijin ta Real Madrid ta saba haɗa bidiyon kurakuran rafali kafin ya busa wasanta, har Ricardo de Burgos Bengoetxea ya fashe da kuka a gaban 'yan jarida ana gobe wasan ƙarshe na Copa del Rey na 2025. Ƙaramar ƙungiya ba ta da wannan makamin. Abin da take samu shi ne kiran waya na ban haƙuri, kamar wanda Brighton ta samu a Afrilun 2023 bayan an taka Kaoru Mitoma a gidan Tottenham aka hana fenareti. Haƙuri ba ya shiga teburi. Kuma maki ɗaya ba farashi ɗaya yake da shi ba a sama da ƙasa. A Yunin 2020 golan Aston Villa Ørjan Nyland ya shige raga da ƙwallo a hannu, agogon rafali bai yi motsi ba saboda jikin 'yan wasa da turke sun tare kyamarori bakwai na Hawk-Eye, ɗakin bidiyo kuma ya dogara da na'urar bai sa baki ba. Aka tashi babu ci da Sheffield United. Villa ta tsira da maki 35, Bournemouth ta faɗi da 34. Duk da haka, da Wolves ta kawo ƙudirin soke VAR a Yunin 2024, ƙungiyoyi 19 cikin 20 suka ƙi. Ƙananan ma sun san abin da ake yi musu kafin zuwanta.

Akwai lalacewa iri biyu da duk gasar da ke shirin sayen wannan kaya ya kamata ta yi tanadinsu. Ɗaya busa da wuri. A Mayun 2024 a Bernabéu mai tuta ya ɗaga, rafali Szymon Marciniak ya busa kafin Matthijs de Ligt ya zura ƙwallon da za ta iya farke wa Bayern. Tunda busa ta riga ƙwallo, ɗaki ba shi da abin dubawa. Ƙa'idar ita ce a riƙe tuta har harin ya ƙare, kuma mutum ɗaya da ya yi gaggawa ya isa ya kashe tsarin gaba ɗaya. Ta biyu kayan aiki. A wasan ƙarshe na Zakarun Afirka na 2019 a Rades ta Tunisiya, an soke ƙwallon Walid El Karti ta Wydad, 'yan wasa suka nemi a duba, ashe na'urar ba ta aiki. Wydad ta ƙi ci gaba, aka ba Espérance kofi, rigimar ta kai kotun wasanni ta Lozan. VAR da aka yi shelarta ta mutu a tsakiyar wasa ta fi rashinta haɗari.

Ga wanda ya sayi tikiti kuwa, hidimar ba ta kai kuɗinta ba. Na gida yana ganin maimaici, na fili yana kallon rafali da yatsa a kunne. A wasan Kofin FA na Bournemouth da Wolves a Maris na 2025 an yi minti takwas ana duba ƙwallo ɗaya, saboda cunkoson yadi na 18 ya rikita kwamfutar awo aka koma jan layi da hannu. Sanarwar da rafali ke yi yanzu ta lasifika ta ɗan rage duhu, sai dai hukunci take faɗa, ba ta nuna yadda aka kai gare shi. Muryar ɗaki kuma sai bayan kwanaki ake sakin wadda aka zaɓa, kamar yadda Howard Webb, wanda ya gaji Mike Riley a shugabancin alƙalai, ya riƙa yi a talabijin, kuma mai zaɓen shi ne mai aikin.

Gyaran da ya fi dacewa da matsalar fifiko yana cikin ƙaramin tsarin da FIFA ta gwada a Kofin Duniya na mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, wanda ake kira FVS. Babu ɗaki, babu alƙalin bidiyo. Kowane koci na da damar ƙalubale biyu a wasa. Yana juya yatsa a iska, ya miƙa wa alƙali na huɗu kati, dole rafali ya je allo. Idan aka canza hukunci, damarsa na nan ba ta ƙone ba. An tsara shi ne don gasannin da ba su da kuɗi, masu kyamara ɗaya zuwa huɗu, kuma da irin wannan adadin satar gida ta kusa ba za ta aunu ba, dole a bar hukuncin fili. Rafalin da ya yi kuskuren kuma shi ne dai zai sake kallon kansa. Amma ikon tura shi allo ya fita daga hannun abokin aikinsa ya koma hannun wanda aka cuta. A daren Onana, kocin Wolves da kati zai miƙa a minti na ƙarshe, rafali ya je ya kalli karon da idonsa kafin a tashi.